Tosogu

Tosogu (da Japananci: 刀装具) suna ne da ya haɗa ƙananan kayan ƙarfe da ake ɗaura wa takobin Japan a ƙotarsa da kubensa, ban da ruwan takobin kansa. A cikinsu akwai tsuba, wato faifan da ke kare hannu, da fuchi da kashira, da menuki, da kozuka da kogai. Idan aka haɗa waɗannan kaya da ƙota da kube suka zama cikakkiyar suturar takobi, ana kiran suturar koshirae. Asalinsu kayan aiki ne, amma daga ƙarni na 15 zuwa na 19 ƙirarsu ta zama sana'a mai zaman kanta, da gidajen maƙera da ake gado. A yau gidajen adana kayan tarihi da masu sha'awar kayan da suna tara su, kuma saboda tsadar wasunsu jabu ya yi yawa a kasuwa. Wannan ne ya sa gane su, da tantance sahihancinsu, da kula da su suka zama fannin ilimi na musamman.

Sassan tosogu

Tsuba faifan ƙarfe ne da ke tsakanin ƙota da ruwan takobi. Yana kare hannu, yana hana shi sulɓewa zuwa kaifi, yana kuma daidaita nauyin takobi. Faɗin tsubar dogon takobi, katana, yakan kai santimita 7 zuwa 8, kaurinta kuma milimita 4 zuwa 5. A tsakiyarta akwai huji mai siffar kan mashi da ake kira nakago-ana, inda wutsiyar takobi take ratsawa. Filin da ya kewaye hujin shi ne seppa-dai. A gefe sau da yawa akwai huji ɗaya ko biyu, hitsu-ana, da kozuka da kogai suke bi. Bakin tsuba kuwa sunansa mimi. Siffofin da aka fi gani su ne zagayayya, da mai ɗan tsawo, da mai kusurwa huɗu, da mokko mai kunnuwa huɗu.

Fuchi zobe ne da ke riƙe bakin ƙota kusa da tsuba, kashira kuma hula ce da ke rufe ƙarshen ƙota. Yawanci tare ake ƙera su da ado iri ɗaya. Menuki ƙananan siffofi ne guda biyu da ake sa wa ɓangarorin ƙota biyu, a kan fatar kifin teku mai gurzau da ake naɗe ƙota da ita, a ƙarƙashin igiyar alharini. Da farko suna haɗe da turken da ke riƙe takobi a cikin ƙota, daga baya aka raba su, turken gora mai suna mekugi ya ɗauki wannan aiki.

Kozuka ƙota ce ta wata 'yar wuƙa da ake sokewa a aljihun kube. Tsawonta ya kusa santimita 10. Kogai kuma tsinken ƙarfe ne na gyaran gashi, mai ɗan cokalin sosa kunne a ƙarshensa. Idan maƙeri ɗaya ya yi menuki da kozuka da kogai da ado iri ɗaya, ana kiran su mitokoromono, ma'ana kayan wuri uku. Habaki abin wuya ne da ke rungume gindin ruwan takobi don ya kama bakin kube, seppa kuwa siraran faifai ne biyu da ke matse tsuba gaba da baya.

Tarihi

An tono tsuba mafi tsufa a kaburburan zamanin Kofun, tsakanin ƙarni na 3 da na 7, da yawansu masu siffar ƙwai. A zamanin Heian da na Kamakura (1185–1333) mayaƙa suna rataya dogon takobi mai suna tachi da kaifinsa ƙasa, tsubarsa kuma ta ƙarfe ce ko ta busasshiyar fata da aka shafe da urushi, wato ƙaron wani itace da Japanawa suke yin fenti da shi.

A zamanin Muromachi (1336–1573) aka koma soke takobi a ɗamara da kaifinsa sama. Wannan ya fito da tsuba gaban mai takobi inda kowa yake ganinta, sai adonta ya fara ƙaruwa. Tsofaffin tsubar baƙin ƙarfe na wannan lokaci an raba su da sunaye biyu: tosho, waɗanda ake dangantawa da maƙeran takubba, da katchushi, waɗanda ake dangantawa da maƙeran sulke. Dukkansu sirara ne masu 'yan hujin ado kaɗan. A lokacin ne kuma Goto Yujo (1440–1512), wanda ya yi wa shugaban mulkin soja Ashikaga Yoshimasa aiki, ya kafa gidan Goto. Babban reshen gidan ya yi magada 17 kafin ƙarshen mulkin samurai.

Zamanin Edo (1603–1868) lokaci ne na zaman lafiya. Takubba biyu, dogo da gajere, da ake kira daisho, sun zama alamar matsayin samurai. Mai shiga fadar Edo ranar taro yana da ƙa'idar abin da zai ɗaura: baƙin kube, tsubar shakudo, da ƙananan kaya irin na gidan Goto. A waje guda kuma attajiran birane, waɗanda aka yarje wa riƙe gajeren takobi, sun riƙa sayen kaya masu ado sosai. Daga nan sana'ar ta rabu biyu: iebori, aikin gidan Goto na fada mai bin ƙa'ida, da machibori, aikin maƙeran cikin gari masu 'yancin zaɓen ado. A 1781 Inaba Tsuryu na Osaka ya wallafa littafin Soken Kisho, wanda ya jera sunayen maƙeran tosogu da bayanin aikinsu.

A 1876 gwamnatin Meiji ta fitar da dokar Haitorei, wadda ta hana yawo da takobi in ban da sojoji da 'yan sanda da masu kayan sarauta na biki. Kasuwar tosogu ta mutu. Maƙera da yawa suka koma yin tukwanen fure da akwatunan taba da kayan ado, tsofaffin kaya kuma aka sayar da su da arha ga Turawa da Amurkawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 sojojin mamaya sun karɓe takubba masu yawa, wasu aka lalata, wasu suka tafi Amurka da suturarsu.

Ƙarafa da launinsu

An kasa tosogu gida biyu ta fuskar ƙarfe. Akwai na baƙin ƙarfe da aka buga aka ninka da guduma, akwai kuma kinko, wato na ƙarafa masu taushi.

Shakudo gauraye ne na jan ƙarfe da zinariya kaɗan, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Idan aka rina shi yakan yi baƙi mai sheƙin shuɗi. Shibuichi, ma'ana ɗaya bisa huɗu, jan ƙarfe ne da azurfa, kuma yana ba da launin toka iri-iri gwargwadon yawan azurfar. Yamagane jan ƙarfe ne da ba a tace ba, an fi ganinsa a tsofaffin kaya. Suaka tataccen jan ƙarfe ne mai launin ja, shinchu kuma gaurayen jan ƙarfe da tutiya ne mai launin rawaya. Zinariya da azurfa an fi amfani da su wajen ado.

Launin waɗannan ƙarafa ba daga cikinsu yake ba. Ɗanyen shakudo da aka kankare kamar jan ƙarfe yake. Maƙeri yakan goge aikin, ya shafe shi da gurzajjen daikon, wani farin tushen lambu, sannan ya dafa shi a ruwan da aka narka wani koren gari mai suna rokusho tare da wasu gishirin jan ƙarfe. Kowane ƙarfe yakan ɗauki launinsa daban a tukunya ɗaya. Wannan launi fata ce siririya ƙwarai a saman ƙarfen, shi ya sa goge ta da man goge ƙarfe yake kashe darajar kayan nan take. Ita ma tsubar baƙin ƙarfe da gangan ake sa mata baƙar tsatsa mai kwanciya, wadda ke kare ta daga jar tsatsa mai ci.

Dabarun ado

Sukashi shi ne ado ta hanyar huda faifan. Wani lokaci hujin ne yake zama siffar, wani lokaci kuma a cire filin duka a bar siffar tsaye cikin da'ira. Nanako, ma'ana ƙwan kifi, fili ne da ake cikawa da ƙananan ƙwayoyi a jere, kowace ƙwaya da bugu ɗaya na ƙarfe mai ramin baki. Takabori sassaƙa ce mai tudu. Kebori zane ne siriri kamar gashi, katakiribori kuma yanka ne da gefen ƙarfen sassaƙa, layin yana faɗi yana tsukewa kamar na alƙalamin zane.

Zogan shi ne dasa wani ƙarfe a jikin wani. A hon-zogan ana fafe rami ne a cusa ƙarfen a ciki a danne bakinsa. A nunome-zogan kuwa ana tsattsaga filin kamar saƙar zane, a shimfiɗa siririn ganyen zinariya ko azurfa a buga shi ya kama. Na biyun ya fi saurin gogewa. Akwai kuma shafen zinariya da zaiba, inda ake kwaɓa su a shafa, a gasa har zaibar ta tashi. Mokume-gane, wanda ake dangantawa da Shoami Denbei na Akita, ƙarafa ne masu launi daban-daban da aka jera aka manne, aka fafe su har suka fito kamar jijiyar katako. Gidan Hirata, tun daga Hirata Donin, ya shahara da shippo, wato narkakken gilashi mai launi da ake zubawa cikin ƙananan ramuka.

Gidajen ƙira

A fannin baƙin ƙarfe sunaye biyu ne suka fi girma, Kaneie na Fushimi kusa da Kyoto, wanda ya fara zana tsaunuka da mutane a kan tsuba da 'yar zinariya kaɗan, da Nobuie, wanda aka sani da ƙarfe mai kauri da zane mara zurfi. Umetada Myoju (1558–1631) na Kyoto ya yi fice da dasa ƙarafa masu launi a fili mai santsi. Kyo-sukashi sirara ne masu laushin zane, Owari da Kanayama kuwa masu kauri ne da ƙarfi. Gidan Akasaka ya yi aiki a Edo, gidan Kinai a Echizen, gidan Soten a Hikone, inda aka fi zana mayaƙa a fagen fama. Maƙeran Choshu sun zauna a Hagi. Namban suna ne na tsuba masu salon ƙasashen waje, musamman Sin, masu sarƙaƙƙen reshe.

Bayan da gidan sarautar Hosokawa ya koma Higo a 1632, gidaje huɗu suka bunƙasa a ƙarƙashinsa: Hirata, Hayashi, Nishigaki da Shimizu. Hosokawa Sansai almajirin Sen no Rikyu ne a bikin shan shayi, kuma ana ganin tasirin wannan tarbiyya ta son abu mara ƙyale-ƙyale a aikin Higo.

A fannin kinko, gidan Goto ya tsaya a kan shakudo mai nanako da siffofin zaki da na ryu, dodon tatsuniya mai jikin maciji. Yokoya Somin (1670–1733) ya bar aikin fada ya zama jagoran machibori, ya kuma ɗaukaka katakiribori. Gidan Nara ya fitar da gwanaye uku: Nara Toshinaga, Sugiura Joi da Tsuchiya Yasuchika (1670–1744). Omori Teruhide ya shahara da raƙuman ruwa masu zurfin sassaƙa, gidan Ishiguro kuma da tsuntsaye. Na ƙarshe cikin manya su ne Goto Ichijo (1791–1876), da Kano Natsuo (1828–1898), wanda ya zana kuɗin ƙarfe na farkon zamanin Meiji ya kuma koyar a makarantar fasaha ta Tokyo, da Unno Shomin (1844–1915).

Yadda ake gane su

Masana suna bin tsari wajen duba tosogu, kuma sa hannun maƙeri shi ne abu na ƙarshe da suke kallo. Ana farawa da ƙarfen da launinsa, sai siffa da awo, sai dabarar aiki da irin adon, sannan a ga ko sunan da ke jiki ya dace da abin da ido ya riga ya gani.

A tsubar baƙin ƙarfe ana duba baki. A wasu tsofaffin ayyuka, musamman na Owari da Kanayama, akan ga 'yan ƙulluttai ko layuka masu tauri da suka ɗago daga jikin ƙarfen. Ana kiran su tekkotsu, wato ƙasusuwan ƙarfe. A cikin bangon huji kuma akan ga layin ninkin ƙarfe da sawun magagari. Kaurin faifai, da siffar seppa-dai, da siffar hitsu-ana duk suna nuna gida da zamani. Tsubar da aka taɓa ɗaurawa a takobi takan nuna gogewa a seppa-dai, da sawun bugu a bakin nakago-ana inda aka tsuke hujin, da 'yan guntayen jan ƙarfe masu suna sekigane da aka cusa sama da ƙasan hujin don ya dace da wani takobi. Tsuba ɗaya takan zaga takubba da dama a rayuwarta.

Fuskar tsuba ta gaba, omote, ita ce mai kallon ƙota, kuma ta fi ado. Idan aka riƙe ta da tsinin nakago-ana sama, hujin kozuka mai siffar rabin wata yakan kasance hagu, na kogai mai kunnuwa uku kuma dama.

A menuki bayan ne yake ba da labari. Na ƙwarai daga faifai ɗaya mai kauri ake tura shi da bugu daga baya, sannan a sassaƙa gaban, don haka ramin bayansa ba ya bin kowane layi na gaba. Wanda aka buga da inji kuwa siriri ne kamar gwangwani, bayansa kuma kwafin gabansa ne daidai. A nanako ana duba ko ƙwayoyin sun yi girma ɗaya kuma layinsu bai karkace ba. A tsohon aiki ƙwayoyin sukan lafa a wuraren da hannu da tufa suka daɗe suna shafa.

Sa hannu, mei, yana kan seppa-dai a tsuba, yawanci sunan wuri a dama, sunan maƙeri a hagu. A fuchi yana kan faifan da ke fuskantar tsuba, a kozuka yana baya, a menuki kuma yana gefe ko a kan ɗan faifai da aka dasa a baya. Harafin 住 yana nufin mazaunin wuri kaza, 作 kuma yana nufin ya ƙera. Maƙera da yawa suna ƙara kao, wata alama ta kansu mai kama da tambari. Rashin sa hannu ba aibi ba ne. Yawancin ayyukan da suka girmi zamanin Edo, da na magadan Goto na farko, da na Higo masu yawa, ba su da suna.

Jabu da kwaikwayo

Jabu ya kasu iri-iri. Mafi daɗewa shi ne gimei, wato tsohon aiki na gaske da aka rubuta wa sunan wani babban maƙeri don a ɗaga kuɗinsa. Tun zamanin Edo ake yin haka, kuma sunayen Kaneie, Nobuie, Somin, Yasuchika da Natsuo suna cikin waɗanda aka fi sata. Ana kama gimei ta hanyar gwada shi da hotunan sa hannun da aka tabbatar: jerin bugun kowane harafi, zurfinsa, inda ya fara da inda ya tsaya. Sama da haka, idan aikin bai kai matsayin mai sunan ba, sunan ba zai cece shi ba.

Na biyu su ne kayan arha na da. Shiiremono kaya ne da aka yi da yawa don shaguna, hamamono kuma waɗanda aka yi a zamanin Meiji don sayar wa baƙi ta tashar Yokohama. Na ƙarshen sukan cika ado har ya hau seppa-dai, abin da ke nuna ba a yi su don ɗaurawa ba. Tsofaffi ne, amma darajarsu ba ta kai ta aikin gidajen ƙira ba.

Na uku su ne kwafin zubi na zamani, waɗanda suka fi yawa a kasuwannin intanet. Alamominsu sun haɗa da layin haɗin mazubi a baki ko cikin huji, da ƙananan ramukan kumfa, da fata mai yashi-yashi, da zane mai dusashewa kamar an narka shi. Sau da yawa sa hannun da sawun bugu da sekigane duk an zuba su tare da faifan, ta yadda sekiganen yake baƙin ƙarfe maimakon jan ƙarfe. Zinariyarsu fenti ce ko shafen lantarki, tsatsarsu kuma ta ruwan magani ce mai launi ɗaya ko'ina. Ganin tsuba biyu masu tabo iri ɗaya a wuri ɗaya shaida ce cewa daga mazubi ɗaya suka fito. Sai dai ba kowane zubi ne jabu ba: akwai tsofaffin tsubar tagulla da ake kira kagamishi, waɗanda ake dangantawa da masu zubin madubi, kuma na gaske ne.

Akwai kuma kayan da aka taɓa. Wasu an ƙara musu zinariya ko huji daga baya, wasu an kankare su an sake rina su. Tsubar da gobara ta ci takan yi fata mai ɓarewa da launin toka mara rai, kuma darajarta takan faɗi ƙwarai. Gidajen adana kayan tarihi suna amfani da madubin ƙara girma da na'urar XRF, wadda ke faɗin ƙarafan da ke saman abu ba tare da an yanke shi ba. Na'urar tana iya nuna ko baƙin abu shakudo ne mai zinariya ko jan ƙarfe ne da aka baƙanta, amma ba ta faɗin wanda ya ƙera shi.

Tantancewa da takardun shaida

Tun zamanin Edo magadan Goto suke duba ayyukan kakanninsu marasa suna, su ba da takarda mai suna origami da ke faɗin maƙerin da ƙimar aikin. Wani lokaci sukan rubuta hukuncin a jikin kayan, tare da sunan wanda ya duba. Masana na baya kuma sukan rubuta ra'ayinsu da tawada a murfin akwati, abin da ake kira hakogaki.

A yau ƙungiyar da aka fi amincewa da hukuncinta ita ce Nihon Bijutsu Token Hozon Kyokai, NBTHK a taƙaice, wadda aka kafa a 1948 don ceto takubban Japan bayan yaƙi. Honma Junji da Sato Kanzan suna cikin jagororinta na farko. Tana gudanar da gidan adana takubba a unguwar Sumida ta Tokyo. Zaman tantancewarta sunansa shinsa, kuma tana da matakai huɗu: Hozon, wanda ya cancanci adanawa, Tokubetsu Hozon, wanda ya cancanci adanawa ta musamman, Juyo, muhimmi, da Tokubetsu Juyo, muhimmi na musamman. An fara ba da Juyo a 1958, Tokubetsu Juyo a 1971, tsarin Hozon kuma ya maye gurbin tsohon tsarin Kicho a 1982. Masu saye a yau ba sa ba tsofaffin takardun Kicho nauyin da suke ba na sabon tsari. Akwai kuma Nihon Token Hozon Kai, NTHK, wadda aka kafa a 1910.

Abin da kwamiti ya ga sa hannunsa na jabu ne ba ya samun takarda. Wanda ba shi da suna akan danganta shi da gida ko maƙeri. Takardar tana ɗauke da hoton kayan da hatimi da bayaninsa, kuma wajibi ne a gwada hoton da abin da ke hannu, domin akan ƙirƙiri takardun bogi ko a haɗa takardar gaske da wani abu dabam. Takarda ra'ayin kwamiti ce a ranar da ya zauna. Aiki mara suna yana iya samun hukunci biyu mabambanta daga zama biyu.

Dabam da wannan, gwamnatin Japan tana ayyana wasu kaya a matsayin Juyo Bunkazai, muhimmin kayan al'ada, ko Kokuho, dukiyar ƙasa, a ƙarƙashin dokar kare kayan al'ada ta 1950. An hana fitar da irin waɗannan daga ƙasar sai da izini na musamman. Ruwan takobi yana buƙatar katin rajista a Japan, amma tosogu da ba ya tare da ruwa ba ya buƙata.

Kulawa da adanawa

Babbar ƙa'idar kula da tosogu ita ce a rage taɓa shi. Ɓarnar da masu neman ƙyalli suka yi wa waɗannan kaya ta fi wadda shekaru suka yi. Ba a sa musu man goge ƙarfe, ko burushin waya, ko takardar yashi, ko ruwan tsami, ko maganin cire tsatsa, domin dukkansu suna cire fatar launin da maƙeri ya sa.

Kayan kinko ba a riƙe su da hannu tsirara. Gishiri da maiƙon gumi suna barin sawun yatsa a shakudo da shibuichi wanda ba ya fita. Ana sa safar hannu mai tsabta, a riƙe ta baki, a kuma duba su a kan shimfiɗa mai laushi don kada su faɗi. Ƙura ana share ta da burushi mai taushin gashi. Ba a gurza wurin da aka yi nunome-zogan, kuma ba a shafa ƙyalle inda bakin zinariya ya ɗago, don zare yana iya fizge shi. Koren gari mai launin fari-fari da ke fitowa a kan jan ƙarfe ko tagulla yana dawowa bayan an share, alama ce ta cin ƙarfe da gishiri ke haddasawa, kuma aikin ƙwararren mai gyara ne.

A baƙin ƙarfe ana bambanta baƙar tsatsa mai kwanciya, wadda ake so, da jar tsatsa mai gari, wadda ke ci gaba da cin faifan. Hanyar gargajiya ta cire jar tsatsa ita ce a kankare ta sannu a hankali da guntun ƙashi ko ƙahon barewa, waɗanda suka fi tsatsar tauri amma ba sa yanka fatar ƙarfen, sannan a riƙa shafawa da busasshen ƙyallen auduga. Aikin yakan ɗauki makonni, kuma ba a kai shi kusa da zinariya ko sa hannu. Man choji da ake shafa wa ruwan takobi ba a cika son sa a tsuba ba, saboda yana kama ƙura yana kuma dusashe launi. Wasu gidajen adana kayan tarihi suna shafa siririn kaki na musamman wanda ake iya cirewa daga baya. Sake rina abin da ya goge sai ƙwararre, kuma ya kamata a sanar da duk mai saye cewa an yi.

Ana ajiye kowane abu shi kaɗai a akwatin itacen kiri, mai 'yar katifa da gurbi daidai jikinsa. Wannan itace yana rage saurin canjin laima a cikin akwati. Ƙarfe ya fi son busasshen wuri, laimar iska ƙasa da kashi 50 cikin ɗari, kuma a lokacin damina akan sa ƙunshin ƙwayoyin shan laima a cikin kabad. Ana nisanta kayan daga roba da ulu, domin suna fitar da farar wuta mai baƙanta azurfa, haka kuma daga jarida da leda mai laushi. A akwatunan arha turken da tsuba take zama a kai ƙusa ce take riƙe da shi. Idan ya cire a hanya, ƙusar takan karce faifan, don haka lokacin tafiya ana fitar da tsuba a naɗe ta dabam.

Cikakken koshirae yana da katako da urushi da alharini da fatar kifi, waɗanda bushewa mai tsanani take tsagawa, hasken rana kuma yake cinye launinsu. Saboda haka ana ajiye shi a matsakaiciyar laima cikin jakar ƙyalle, a kwance. Ruwan takobin akan koma farin kube na katako mai suna shirasaya, a sa takobin katako, tsunagi, a madadinsa don ya riƙe sassan wuri ɗaya. Ba a kwance tsohon naɗin ƙota don a ciro menuki, kuma ba a raba mitokoromono ko tsubar daisho biyu, domin haɗuwarsu tana cikin tarihinsu da darajarsu. Takardun shaida da tsofaffin akwatuna da lambobin masu tarawa na baya su ma ana adana su tare da kayan.

Inda ake samun su

A Japan akwai tarin tosogu a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Tokyo, da gidan takubba na NBTHK, da gidan Kiyomizu Sannenzaka na Kyoto wanda ya fi mai da hankali ga aikin ƙarshen Edo da Meiji. A Amurka akwai manyan tari a Museum of Fine Arts na Boston, da Metropolitan na New York, da Walters na Baltimore. A Ingila akwai na Victoria and Albert a Landan da na Ashmolean a Oxford, a Jamus akwai na birnin Hamburg, a Switzerland kuma na gidauniyar Baur a Geneva. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje sun sa hotunan kayansu da awonsu a intanet, inda masu nazari suke gwada abin da ke hannunsu da ayyukan da aka riga aka bincika.